Asabar: majigin yara a Badariya

Yau bayan sallar isha'i aka haska wa yaran makarantar unguwarmu, nan Birnin Kebbi, fim ɗin Matilda. Tun la'asar aka fara shiri, domin da hunturu ƙura ce babbar abokiyar gabar majigi. Sai an zare matatar iskar na'urar an kakkaɓe da busasshen burushi. Idan ta toshe ƙwan fitilar majigin zai ɗau zafi, na'urar ta kashe kanta ana tsakiyar kallo. Farin yadi aka ɗaure a bangon aji, aka ɗame kusurwa huɗu da igiya, aka saƙala gora a ƙasansa don kada iska ta riƙa kaɗa shi hoto ya karkace. Janareto can bayan gini da doguwar waya, kada ƙararsa ta danne lasifika. Fim ɗin minti 98 ne, amma a cika tanki tun farko, don ɗaukewar wuta kwatsam kafin fankar ciki ta huce ƙwan ita ke rage masa kwana.

Labarin daga littafin Roald Dahl ne na 1988. Danny DeVito ya mayar da shi fim a 1996, shi ne kuma ya fito a uban yarinyar, wato Matilda. Ya ɗauke labarin daga Ingila ya kai Amurka, ya ƙara 'yan sandan ciki masu bibiyar uban, ya ƙara shigar Matilda gidan shugabar makaranta a ɓoye. A littafin baiwar Matilda ta motsa abu da ido tana gushewa da aka kai ta babban aji, saboda ƙwaƙwalwarta ta samu aikin da ya ishe ta. A fim an bar mata abarta. Ni na fi son na littafin, ya fi faɗa wa malamai gaskiya game da yaro mai kaifin basira da aka bari a baya.

Aikin da ya fi wuya na mai fassara ne. Malamin Turanci ya riƙe makirfo, aka rage sautin fim zuwa rabi, nasa ya hau sama. Abin da littafi ya ɗauki shafi biyu yana bayani, fim a fuska guda yake nuna shi, don haka mai fassarar da bai iya shiru ba zai kashe dariyar. Wurin da aka tilasta wa yaro cinye ƙaton kek a gaban 'yan makaranta, jimla biyu kawai Malam ya yi: laifin da aka ce ya yi, da hukuncinsa. Sauran ya bar wa ido. Yara suka miƙe suna tafi tare da na cikin fim. Inda ya yi dogon bayani shi ne garejin uban, yadda yake zuba garin katako a giyar tsohuwar mota don ta yi shiru, yake mayar da mitar tafiya baya ya sayar da tsada. Sai yaro ya gane mutumin maha'inci ne kafin ya fahimci abin da ya biyo baya.

Da aka tashi wata dattijuwa ta tare shi. "Malam, yarinyar da ta manna wa ubanta hula da gam, ba raina iyaye za ta koya musu ba?" Ya ce, "Inna, kin yi gaskiya, shi ya sa ban sallame su ba sai da muka tattauna." Minti goma aka yi ana tambayarsu me ya kamata ta yi, wa za ta kai wa ƙara a danginta. Wannan zaman wajibi ne, kada a haska fim ɗin babu shi.

'Yan ƙasa da shekara shida sun tsorata da shugabar makarantar da ɗakin horonta mai ƙusoshi, biyu sun yi kuka. Gaba a zaunar da su kusa da yayyensu mata, ko a bar su gida.

Littafin kwafi ɗaya ne a hannunmu. Ranar Litinin Malam zai fara karanta wa 'yan aji shida babin akun da aka ɓoye a bututun hayaƙi, tunda ba ya cikin fim ɗin.