Godiya bayan kare bincikena

Alhamdu lillahi, an kare aikin kuma an amince da shi. Duk wanda ya bi ni da addu'a tun daga jinyar nan har ranar da na tsaya gaban malamai ya san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba. Gajiya ba ta sake ni ba tukuna, amma hankali ya kwanta.

Akwai alherin da ba zan iya yin shiru a kansa ba. Aikina kacokan ya rataya ne a kan Orthosia gothica, malam-buɗe-littafin daren nan da ke cika dazuzzukan Birtaniya a watannin Maris da Afrilu, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna tun 1758. Gane shi ba wuya, don yana da baƙin tabo mai lanƙwasa a tsakiyar fiffiken gaba, kamar harafin Ibrananci. To, wata asuba a wani daji a Sikotland na buɗe tarkon fitila, na ɗaga kwalin ƙwan da suke laɓewa a ciki, sai ga guda babu baƙin tabon. Gabana ya yanke ya faɗi. In wani jinsi ne dabam, shakku ya shiga duk ƙidayar da na yi, ga lokaci ya ƙure.

Dattijon da ke taya mu aikin sa kai ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen ganye duk da ciwon gwiwarsa. Ya ga yatsuna sun sandare, ya cire safar hannunsa ya ba ni, sannan ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata, duba da kyau." Ashe tabon yana nan da shacinsa, launinsa ne ya koɗe ya saje da fiffiken. Ya ce nau'in gothicina ne da aka fi samu a arewacin Birtaniya, kuma Xestia c-nigrum da ke kama da shi ba ya tashi da wuri haka. Nan na fashe da kuka.

Malamata mai duba aikin, Allah Ya saka da alheri. Yaya, ke da kika riƙa kwana a waya da ni, Allah Ya raya miki zuri'a. Inna, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa mu gama da ke lafiya. 'Yan uwan da ko saƙon "ya jiki" ban gani daga gare su ba, na san hidima ta yi yawa, amma na ji abin a raina.

Allah Ya ba dattijon nan lafiyar gwiwa, Ya biya wa kowa buƙatunsa na alheri. Amin.