Godiya ga matan da suka riƙe mana tukunya a Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa na nan Sudan, da na Najeriya da Nijar da suka yi ta tambayar lafiyarmu. Yau sati biyu ke nan da komawarmu Wad Madani, ni da mai ɗakina da yara huɗu. Ƙofar gida babu, keken ɗinkina babu, amma rufi yana nan, mu ma muna nan. Alhamdulillahi. Kafin in sa hannu a gyaran gida, akwai bashin godiya a wuyana, kuma a bainar jama'a nake so in biya shi.

Da yaƙi ya iso Madani a Disambar 2023, abin da hannu zai iya ɗauka kawai muka fita da shi. A Gadarif aka sauke mu a wata makarantar firamare, iyali biyar a aji ɗaya, zannuwa ne katanga. Washegari da hantsi sai ga wasu mata da manyan tukwane a kan amalanken jaki. 'Yan wata ƙaramar coci ne da ke bayan makarantar, yawancinsu daga Duwatsun Nuba, wasunsu ma gudun suka yo daga Khartoum tun Afrilun 2023. Babu wadda ta tambaye mu ƙabilarmu. Duk Bahaushen Sudan ya san nauyin wannan tambaya, musamman bayan jinin da aka zubar a yankin Damazin a 2022. Yawan bakin da za su ci kawai suka tambaya.

Haka takiyyarmu, wato wurin dafa abincin sadaka na jama'a, ta kafu. Samarin unguwa na ɗakin agajin gaggawa su samo adas (wani irin ƙaramin wake) da gawayi da mai, matan nan su girka. Babbarsu, wadda kowa ke kira Mama, ita ke riƙe da ludayi. Har yanzu ina ganin hannunta, duk tabon ƙuna, tana kankare gindin tukunya don yaron da ya zo a makare.

Ranar Juma'a, 1 ga Maris 2024, na dawo daga masallaci na tarar da su a gindin darbejiya suna waƙa, wasu na hawaye. Na ɗauka rasuwa aka yi musu. Mama ta ce a'a, Ranar Addu'a ta Duniya ce. Kowace Juma'ar farko ta watan Maris, matan Kirista a ƙasashe fiye da 100 sukan yi addu'a iri ɗaya, a faro daga tsibiran tekun Pasifik inda rana ke fara fitowa, a bi ta har ta zagaye duniya. Kowace shekara matan ƙasa ɗaya ke rubuta addu'ar, ta wannan shekarar kuwa matan Falasɗinu ne suka rubuta. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mata ne da ba su da gidan kansu, ga su suna yi wa mutanen Gaza kuka. Na ce, "Mama, ku wa zai yi muku?" Ta ce, "Ɗana, ana yi mana. Kuma ƙa'idar ita ce ka san halin wanda kake yi wa addu'a, sannan ka tashi ka yi aiki." Tana faɗa ta koma bakin murhu.

Bayan kwana goma azumi ya kama. Matan nan su suka dama mana hilu-mur, abin shan buɗa-baki na Sudan, suka tuƙa asida, su shimfiɗa tabarmi a bakin titi sannan su ja gefe har mu sha ruwa.

Abin da ba zan taɓa iya biya ba ya faru ne da daminar 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke. Autanmu ya kama amai da gudawa da tsakar dare, kafin asuba idonsa ya faɗa. Ɗaya daga cikin matan cocin, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo da fitilar waya, ta tafasa ruwa lita ɗaya, ta zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, ta zauna tana ɗura masa cokali-cokali har gari ya waye aka kai shi cibiyar jinya. Uwarsa na jan carbi a kansa, ita kuma leɓenta na motsi da tata addu'ar. Yanzu haka yana tsakar gida yana wasa.

Ina godiya ga samarin agaji, da limamin unguwa da ya ba mu randuna, da 'yan'uwanmu na garin Mai Wurno a nan Sudan da suka riƙa turo kuɗi ta waya alhali su ma suna cikin wuya. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Mama da 'yan'uwanki, ni Musulmi ne, kuma a sujada nake ambatonku. Allah Ya mayar da ku gidajenku lafiya, Ya raya muku zuri'a. Kin ce mini addu'ar 2026 matan Najeriya ne za su rubuta, ƙasar da kakanninmu suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903. Idan na sami keke, rigunanku na wannan rana ni zan ɗinka, kuma kada wadda ta zo mini da kuɗi.