Kuloci mai tauri da amsar da na bai wa wani yaro a garejina

Da kwali a hannunsa ya shigo garejin, yana ta murna. Saurayi ne daga cikin masu wasan juyi da mota, yana da wata tsohuwar BMW da aka ƙara wa injinta ƙarfi. Ya ce, "Oga, na gaji da kulocin nan da ke zamewa. Ga wanda na yi oda daga waje, a saka min." Na buɗe kwalin, na ɗora tafin hannuna a kan yatsun sifirin na danna da dukkan ƙarfina, ko gezau. Kafin ya tafi sai ya juyo ya ce, "Amma Oga, na ji ana cewa irin wannan yana cin karanshaf. Gaskiya ne?" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kuloci harkar giyabos ce, karanshaf kuwa, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, yana can cikin inji yana wanka da baƙin mai, me ya haɗa su? Na faɗa da tabbacin mutumin da ya daɗe yana riƙe sufana, shi kuma ya yarda da ni. Har yau amsar nan tana damuna.

Bayan wata bakwai motar ta dawo. Giya tana wuyar shiga, wurin da kuloci ke kamawa yau yana sama, gobe yana ƙasa, kuma in an taka feda a silo sai inji ya yi kamar zai mutu, da wata 'yar ƙara daga ƙasa. Na sa yarona ya shiga ya riƙa takawa yana saki, ni kuma na tsaya ina kallon fulin da ke gaban inji. Da idona na ga fulin yana matsowa gaba, yana komawa baya. Abin da bai kamata ido ya iya gani ba ke nan. Muka juye baƙin mai a faranti, na kai shi rana, sai ga ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin tagulla. Da muka kwance kaskon ƙasa, tros, wato siririn ƙarfen da ke hana karanshaf matsawa gaba da baya, ya cinye ta gefe ɗaya tas, kuma fuskar karanshaf da ke gogarsa ta yi zane har farce yana maƙalewa.

A daren nan na zauna na bi hanyar ƙarfin da tunani, abin da ya kamata in yi tun ranar da ya tambaye ni. Ƙafar direba tana danna feda da nauyin kilo goma da ɗoriya. Tsayin feda da haidirolik su ninka wannan sau goma ko fiye, ya isa ga boris ɗin da ke danna yatsun sifirin, a lokacin ya haura nauyin buhun masara. To ina wannan turi yake zuwa? Murfin kuloci a ɗaure yake da filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, filawil a ɗaure yake da karanshaf. Ke nan duk takun da aka yi, karanshaf ɗungurungum ake turawa gaba, kuma abin da ke tare shi kawai shi ne wannan siririn tros, wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. Idan an saki feda, matsin da murfi ke yi wa faifai yana ƙarewa ne tsakanin murfin da filawil, ba ya taɓa tros ko kaɗan. Wahalar tana zuwa ne lokacin da ƙafa ke kan feda, kuma iya taurin sifirin, iya turin.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fahimce shi shi ne yadda tros yake samun mai. Metal ɗin da karanshaf ke juyawa a cikinsa famfo ne ke aika masa da mai kai tsaye, kuma juyin kansa yana jan man ya shimfiɗa shi kamar katifa, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Tros kuwa fuska ce shimfiɗaɗɗiya, galibi da ragowar man da ya tsiyayo daga metal yake rayuwa, ta 'yan kwaruruwan da aka yanka masa. Yana jure turi na ɗan lokaci, amma ba a yi shi don a jingina da shi ba. Yanzu ka ɗauki safiyar hunturu, mota ta kwana, mai ya gangara ƙasa ya yi kauri. Direba ya shiga ya taka kuloci har ƙasa, ya murza makulli. A 'yan daƙiƙun nan kafin fitilar mai ta mutu, karanshaf yana juyawa a kan busasshen tros, ga sifirin mai tauri yana danna shi. Yaron nan haka yake tayar da motarsa kullum. A cunkoso ma ba ya fitar da giya, ƙafarsa na kan feda har hanya ta buɗe.

Duk da haka ba zan koma ɗaya gefen in ce kuloci mai tauri kaɗai ke kashe inji ba, domin wannan ma rabin gaskiya ne. A Amurka wannan ciwo ya yi suna a Mitsubishi Eclipse masu turbo na 1995 zuwa 1999 da Eagle Talon masu turbo na 1995 zuwa 1998, masu injin 4G63. Littafin kamfani ya ba karanshaf ɗin nan damar motsi gaba da baya na milimita 0.05 zuwa 0.18, iyaka 0.25. Idan ya wuce haka sosai, masu motocin sukan ga feda ya nutse ƙasa in sun sha kwanar hagu da gudu, wani lokaci motar ta mutu saboda karanshaf ya kai ga na'urar da ke karanta juyinsa. Sanya kuloci mai tauri yana gaggauta abin, amma ya faru har ga motocin da ba a taɓa sauya musu kuloci ba. Motoci masu giyar otomatik ma, da ba su da feda sam, suna cinye tros idan matsin mai a kwanbata, wato abin da ke maye gurbin kuloci a irin waɗannan motoci, ya yi yawa yana tura karanshaf gaba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai injuna da yawa da suka shekara da kuloci mai tauri lafiya lau.

A motar yaron nan abubuwa ne suka taru. An taɓa sauke injin kafin ya saya, an yanka karanshaf, kuma mai yanka in bai goge fuskar tros ta yi santsi ba, ta zama magagari. Sannan feda ba shi da ɗan sararin nan na sama, wato boris yana danne da sifirin ko da an ɗaga ƙafa. Wannan kuwa hannuna ne, ni na daidaita shi ranar da na saka kulocin, na matse shi don ya riƙa kamawa da wuri kamar yadda ya nema. Kuma giyabos yana ƙasa, filawil a buɗe a gabana, awon motsin karanshaf ba zai ci min minti biyar ba, ban yi ba. Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya rufe inji sai ya sa sukudireba ya tura karanshaf baya, ya tura shi gaba, sannan ya ɗaure kaf ɗin tros don fuskokin biyu su zauna daidai. Ina yaro na ɗauka al'ada ce kawai irin ta tsofaffi.

Na sayi agogon awo mai maganaɗisu a gindi, yanzu duk motar da aka sauke wa giyabos a wurina sai an kafa shi a filawil an rubuta lambar a takarda. Wanda ya zo da kuloci mai tauri kuma sai mun zauna na ji nawa aka ƙara wa injinsa. Riƙon kuloci ba daga taurin sifirin kaɗai yake zuwa ba. Irin abin da aka yi fuskar faifai da shi, faɗin faifan, da yawan fuskokin da ke gogayya duk suna ciki, shi ya sa mai faifai biyu yake riƙe ƙarfi mai yawa da feda mai laushi. Mutane da yawa suna sayen wanda ya ninka buƙatarsu don sunan da ke jikin kwali, su wahalar da gwiwarsu da injinsu a banza.

Da yaron ya zo ɗaukar motarsa na gaya masa cewa tambayarsa ta farko daidai ce, amsata ce ba daidai ba, kuma ban karɓi kuɗin aiki ba, kayan kawai ya saya. Mun sa wani karanshaf da sabon tros, mun mayar da kuloci mai matsakaicin ƙarfi, na bar wa feda sararinsa. Na nuna masa ya riƙa tayar da ita a furi, ƙafa ba ta kan feda, ya jira fitilar mai ta mutu kafin ya taɓa feda. Duk lokacin da ya kawo ta juyen baƙin mai nakan kafa agogon a fuli, shi da kansa yake tura karanshaf ɗin, ni ina karanta allurar.