Godiya bayan ziyararmu Ƙubbar Taurari ta Iskandariyya

Assalamu alaikum iyayen yara da 'yan'uwa mazauna Alƙahira.

Alhamdu lillahi, mun je Iskandariyya mun dawo lafiya, kowane yaro ya kwana a gidansu. Godiyata ta farko gare ku iyaye, da kuka damƙa mana 'ya'yanku tun asuba a kan tafiyar da ta haura kilomita 200. Hajiyarmu da ta biya kuɗin mota ta ce kada a ambaci sunanta, Allah Ya san ki, Ya saka miki da Aljanna.

Ƙubbar, wato ɗakin da ake haska hoton sararin sama da taurari a rufinsa, tana harabar babban ɗakin karatun nan na bakin Bahar Rum, wanda aka buɗe a 2002. Daga waje wata ƙatuwar ƙwallo ce kamar an rataye ta. Muka shiga, aka kashe fitilu, sai ga sama ta cika fal da taurari a kanmu. Yaran suka yi tsit. Ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido, don rabona da irin wannan sama tun muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara, kakarmu tana nuna mana Kaza da 'Ya'yanta. Yaranmu da aka haifa a nan hasken fitilun birni ya rufe musu ita, ba su taɓa ganinta ba sai ranar. Da mai bayani ya kira ta Surayya, ya ce haskenta ya yi sama da shekara 400 a hanya kafin ya iso idonmu, sai na raɗa wa na kusa da ni sunanta na Hausa. Kafin mu fito, sunan ya zagaye layin gaba ɗaya.

Ma'aikatan wurin, Allah Ya ƙara muku haƙuri. Wata yarinyarmu ta tsare ɗayansu da tambaya a kan Zara matar wata, ya tsaya ya fahimtar da ita cewa duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, haskenta aro ne daga rana, kuma ita ce dai ke fitowa da asuba, wadda mu muke kira Gamzaki. Wallahi ni ma da girmana na ɗauka taurari biyu ne.

Ɗalibanmu na Azhar da suka bar karatunsu suka yi ta ƙirga yara a kowane zango, na gode ƙwarai. Iyayen da 'ya'yansu ba su samu wuri a mota ba, ku yi mana afuwa, mun rubuta sunayensu, su ne a gaba in Allah Ya kai mu hutu na gaba.