Abin da likita ya gani a idon ɗana

Shekara biyu ina yi wa yaron nan faɗa kan murza ido, har hannunsa na sha bugewa. Farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, da safe kwantsa mai yauƙi kamar zare, in ya fita rana sai ya runtse. Makwabta suka ce apolo ne, to wane irin apolo ne ke dawowa duk hunturu, bazara ta zo kuma ya ƙaru?

Da muka je asibitin ido likita ya juya fatar idonsa ta sama ya ce, Maman yaro zo ki duba. Wallahi sai da gabana ya faɗi, ƙuraje ne manya a jere kamar an shimfiɗa tsakuwa, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a gefen baƙin idon. Ya ce borin jini ne na ido, VKC suke ce masa, ya fi kama yara maza a ƙasashe masu zafi da ƙura irin tamu, kuma yawanci yana lafawa bayan balaga.

Bayanin da ya yi min shi ya fi tsaya min a rai. Ashe a cikin hawayen yaro akwai shaida. In ƙura ko garin fure ya shiga ido, wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgE ke tayar da ƙwayoyin da ke sakin histamin, shi ne wannan ƙaiƙayin da ba ya jin bari. Sai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, su taru a wurin, fararen ɗigon nan ma tarinsu ne, kuma suna zubar da furotin irin su ECP mai cin fatar baƙin ido har ya zama gyambo. Masu bincike na auna waɗannan a hawaye, yawan ECP na tafiya da tsananin ciwon.

Ni kuwa duk tsawon lokacin nan maganin ɗigon ido mai suna dexamethasone nake saya a kemis saboda kwana biyu ido ya washe. Likitan ya ce in aka daɗe ana ɗiga shi ba tare da kulawar likita ba yana kawo hawan jinin ido da yanar ido, nan take ya auna masa, Alhamdulillah bai hau ba. Yanzu olopatadine, maganin borin jini na ido, muke ɗigawa safe da yamma, in ƙaiƙayin ya taso na ɗora masa tsumma mai sanyi, na kuma daina buge masa hannu, riƙewa nake yi har ya lafa.