Hanya Mai Shuɗiyar Alama Ma Tana Kisa

Da girmana na koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, a tsaunukan Alps na Faransa. Wanda ya fara da girma da tsoro yake shiga, kuma tsoron yawancinmu iri ɗaya ne: kujerar lilon da ke hawa da mutane kan dutse ƙafafu na reto a iska, da gangaren nan masu baƙar alama da in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. A Faransa launi huɗu ake yi wa hanyoyin zamiya. Kore na 'yan koyo ne, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka goge, baƙi na gwanaye. Don haka ɗan koyo yakan ɗauka in ya tsaya a kore da shuɗi ya tsira.

Ba a ce na'urorin hawa ba sa kisa ba. Ranar 11 ga Nuwamban 2000, jirgin da ke hawa da 'yan wasa ta cikin ramin dutse a Kaprun ta Ostiriya ya kama da wuta, mutum 155 suka rasu. Mutum 12 da suka tsira daga jirgin gangarawa ƙasa suka yi, saboda hayaƙin sama ya nufa. Amma irin wannan ba kullum ba ne. Mutuwar da ake yi kowace shekara, ɗaya yau ɗaya gobe, ba a sama take ba. A ƙasa take, a inda mutum ya saki jiki.

Malamin da ya koya mini dattijo ne marar yawan magana. Bai bar ni na yi gudu ba sai da na iya faɗuwa ta gefe, na iya tsayawa a daidai inda ya nuna da sanda. Abu ɗaya yake nanatawa har ya gundure ni: kafin ka tashi daga inda ka tsaya, waiwaya sama. A lokacin kamar ladabi kawai na ɗauke shi. Sai ranar da na ga amfaninsa da idona.

Bayan azahar ne, a wata hanya shuɗiya mai faɗi, rana tar, babu hazo ko kaɗan. A tsakiyarta akwai ɗan tudu, wanda ke tahowa daga sama ba ya ganin abin da ke bayansa sai ya hau kai. Wani mutum mai furfura ya tsaya a daidai ƙasan tudun yana gyara safar hannunsa. Ina gefe ina hutawa. Wani matashi ya taho a miƙe, ba ya ko karkata, ya haye tudun. Ban ji ihu ba. Ƙara ɗaya na ji, kamar an gwara itace biyu, sai ga su duka a ƙasa, allon zamiyar da ke ƙafar ɗayansu ya fita ya tsaya can nesa.

Abin da aka koya mini shi na yi, jikina na rawa. Na hau sama da tudun na cire allunan ƙafata na soke su a gicciye cikin dusar, alamar da kowane mai zamiya ya san ma'anarta: akwai haɗari a gaba, a rage gudu. In ba a yi haka ba, na uku zai zo ya faɗa kan biyun. A gefen kowace hanya akwai sanduna masu ɗauke da sunanta da lamba, su ne adireshin mutum a kan dutse. Na karanta lambar, na kira wayar masu ceto da ke jikin taswirar da ake bayarwa tare da tikiti. Da babu ita, 112 tana shiga a ko'ina cikin Tarayyar Turai.

Matashin yana riƙe da kafaɗa yana nishi. Mai furfurar ne ya fi ba ni tsoro, don shi ne ya fi kama da mai lafiya. Hular kwanonsa ta tsage ta gefe, leɓensa ya fashe, amma yana murmushi yana cewa ba komai, a miƙo masa sandunansa. Ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na faɗa masa. Ko minti biyu ba a yi ba ya sake tambaya, da fuskar wanda bai taɓa tambaya ba. Da masu ceton suka iso da gadon da ake ja a kan ƙanƙara, na gaya wa matar da ke jagorantarsu wannan. Nan take ta durƙusa ta bayan kansa ta tallafe shi da hannu biyu. "Yallaɓai, kada ka motsa wuyanka," in ji ta. Ya ce zai iya gangarawa da kansa. Ba ta yi musu da shi ba, kuma ba ta sake shi ba. Suka sa masa abin riƙe wuya, suka naɗe shi, suka sauka da shi.

Wannan murmushin ya daɗe yana damuna, domin shi ya yaudari mutane a kan Natasha Richardson. Ranar 16 ga Maris 2009 'yar wasan kwaikwayon ta faɗi a gangaren 'yan koyo a Mont Tremblant ta Kanada, tana tare da mai koya mata, ba hular kwano. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta bukatar likita. Bayan kamar awa guda ciwon kai ya taso mata. Ranar 18 ga wata ta rasu tana da shekara 45. Jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum yana hira lafiya lau jinin yana ƙaruwa, kafin alama ta fito ya riga ya danne ƙwaƙwalwar. Tun daga ranar, wanda duk ya bugu a kai a gabana, maganarsa ta "lafiyata lau" ba ta shiga kunnena. Maimaita tambaya, amai, barci marar dalili, ciwon kan da ke ƙaruwa, ko ɗaya daga ciki ya isa a tafi asibiti.

Waye da laifi a karon da na gani? Su biyun. Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji 10 tun 1967, kuma kotuna a ƙasashen Alps suna duba su wajen raba laifi. Wanda ke tahowa daga sama shi ke da alhakin kauce wa na ƙasa, saboda shi ke gani. Gudun mutum bai kamata ya wuce iya abin da idonsa ke hangowa ba. Ba a tsayawa a matsatsin wuri ko inda ba a ganin mutum. Kuma wanda ya ga haɗari wajibi ne ya taimaka ya ba da sunansa. Ƙa'idojin suna manne a wurin sayar da tikiti, amma da wuya ka ga mai tsayawa ya karanta.

Ɗan fim ɗin Faransa Gaspard Ulliel a mahaɗar hanyoyi shuɗaye biyu ya yi karo da wani a La Rosière, a Janairun 2022, ya rasu yana da shekara 37. Ranar 1 ga Janairun 2009 Dieter Althaus, firimiyan jihar Thuringia ta Jamus a lokacin, ya yi karo da wata mata a Ostiriya. Shi da hular kwano ya rayu, ita babu, ta rasu, kotu kuma ta same shi da laifin kisa ta sakaci. A ganina hanyar shuɗi ta fi baƙa haɗari ta wannan fuskar. A baƙa kowa a tsorace yake, yana tafiya da lissafi. Shuɗiya kuwa sumul take, an daddaɓe ta da mota cikin dare, ga faɗi, ga cunkoso, yaro ɗan koyo da gwani mai gudun tsiya duk a wuri guda. Ga kuma manhajojin waya masu auna gudu, waɗanda na ga samari suna nuna wa juna a kan lilo. Da ina da iko da na hana su.

Hular kwano kam ban taɓa fita babu ita ba, amma a san iyakarta. Gwajin da ake yi mata bugu ne na gudun kilomita 20 da 'yan kai a awa, alhali mai matsakaicin gwaninta yana ninka wannan ba tare da ya ji yana gudu ba. Tana hana tsagewar kai da raunuka da yawa, ba ta hana mutuwa in an daki bishiya a guje. Michael Kennedy, ɗan gidan Kennedy na siyasar Amurka, ya daki bishiya a Aspen ranar 31 ga Disamban 1997, ba a yi mako ba mawaƙi Sonny Bono ya daki tasa a Heavenly, duk a Amurka, kuma duka biyun sun rasu. Direban tseren mota Michael Schumacher yana sanye da hula lokacin da kansa ya bugi dutse a Méribel ranar 29 ga Disamban 2013, a ɗan filin da ba a daddaɓe ba tsakanin hanyoyi biyu. Likitocinsa a Grenoble sun ce ba don hular ba da bai iso asibiti da rai ba, amma duk da haka ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Italiya ta yi abin da ya dace tun farkon 2022: ta wajabta inshorar ɓarnar da mai zamiya zai iya yi wa wani, ta kuma haramta wasan cikin maye.

Da ƙafata ta fara zama, sai dusar da ke bayan igiyar iyakar hanya, wadda ba wanda ya taka, ta fara ba ni sha'awa. Kafin in taka ta na shiga horon kwana ɗaya kan zaftarewar dusar ƙanƙara. Ma'aunin haɗarin a Turai daga 1 ne zuwa 5, ana kafe shi kowace safiya a gindin lilo. Mataki na 3 ne ya fi cin rai, domin a 4 da 5 mutane kan ji tsoro su zauna, 3 kuwa kamar tsaka-tsaki take a ido. Gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 shi ya fi zaftarewa, kuma a mafi yawan lokuta wanda ta binne, ko wani cikin ayarinsa, shi ya tayar da ita da nauyinsa.

Mai horon ya binne jaka da na'ura a ciki, ya ce mu nemo. Kowa na ɗauke da kaya uku: na'urar da ke aika sigina tana kuma karɓa, doguwar sanda mai ninkewa ta caka, da shebur. Bin siginar bai yi wuya ba. Haƙar ce ta karya mu. Dusar da ta zaftare ba garin nan ba ne mai laushi, da ta tsaya take daskarewa, sai ka sara da bakin shebur kafin ka kwashe. Muna haƙa muna karɓeɓeniya, numfashi na sama-sama saboda tsayin wurin, shi kuma yana tsaye yana kiran mintuna. Waɗanda aka tono cikin minti 10 na farko, fiye da 90 cikin 100 sukan rayu. Zuwa minti 35 adadin ya faɗo kusan 30, saboda iska ta ƙare. Yarima Friso na Holan kimanin minti 25 ya yi a binne a Lech ta Ostiriya ranar 17 ga Fabrairun 2012, bai sake farfaɗowa sosai ba har ya rasu a Agustan 2013. Jirgi mai saukar ungulu da karnukan ceto sau da yawa sukan iso bayan mintunan nan sun wuce.

Da muka ciro jakar, mai horon ya duba agogo ya ce da mutum ne, da ƙyar. Shi ya sa yanzu in wani ya ce mu tsallake igiya, ba gwanintarsa nake tambaya ba. Cewa nake ya buɗe jakarsa in ga shebur da sanda, mu kunna na'urorinmu mu gwada na juna, in kuma ji yaushe rabonsa da haƙa. Da yawa sukan ce ba su taɓa ba, sai mu koma kan hanya.