Askar da ba ta je bakin daga ba

Askoki goma sha huɗu nake da su yanzu, amma uku kawai nake aski da su. Wadda ta fi kwanta mini a rai 'yar Sheffield ce ta Ingila, ƙirar Wade & Butcher, mai kauri da nauyi, ƙotarta ta ƙaho har ta dushe don tsufa. Ranar da ta shigo hannuna ko takarda ba ta yankawa. Kwana uku na yi ina wasa ta, daga dutse mai kaushi mai lamba 1000 har zuwa mai santsi na 8000, sannan na goga ta a fata sau sittin. Da na gifta ta a kan damtsena, sai ga gashi yana zuba tun bakin bai taɓa fata ba. Murnar da na yi a ranar, Allah kaɗai ya sani.

Ta biyu Dovo ce daga Solingen ta Jamus. An rarake gefenta har ya yi siriri, tana tafiya a kumatu kana jin ƙyas-ƙyas. Ta Sheffield kuwa shiru take aikinta.

Aska ba ta son gaggawa. Sai ka jiƙa gemu da ruwan zafi, ka kaɗa kumfa da buroshi, ka ja fata da yatsu biyu, ka kwantar da bakin kamar digiri 30, ka bi kwanciyar gashi. Minti ashirin nake ɗauka. Wata safiya na makara, na ce bari in yi sauri, sai ta tsaga ni a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ina tsaye riƙe da auduga, jini yana bin wuyana, sai tunanin soja ya faɗo mini. Ni da ke da ruwan zafi da madubi da haske ke nan. Ina ga wanda ke durƙushe cikin ramin yaƙi a Faransa, hannu na karkarwa don sanyi, ƙasa na girgiza?

Gemun soja dai ba a cika bar masa zaɓi a kansa ba. Plutarch, marubucin Girka na zamanin da, ya ruwaito cewa Iskandar na Makidoniya ya sa dakarunsa su aske, don kada maƙiyi ya sami abin cafka. A Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 sojojin Birtaniya sun tara gemu saboda sanyi da wahalar aski. Daga 1860 har zuwa 1916 kuwa, doka ta hana sojansu aske gashin baki. Su Faransawa ma laƙabin da suka yi wa sojojinsu na Yaƙin Duniya na Ɗaya, poilu, ma'anarsa mai gashi.

Iska mai guba ce ta sauya lissafi. Tun da aka saki kulorin a garin Ypres na Beljiyam a Afrilun 1915, takunkumin fuska ya zama abin da rai ya rataya a kansa, shi kuma ba ya kama fuska sosai in akwai gemu. Aski ya tashi daga ado ya koma kariya, kuma dole a yi shi akai-akai. Nan rezar Gillette ta sami shiga: ba wasawa, ba fata, in ta dakushe ka jefar ka sa sabuwa. Rundunar Amurka ta sayi sama da miliyan 3. Samarin suka koma gida da ita a jaka, ba su ƙara waiwayar askar ubanninsu ba. Abin tausayi, wasunsu buroshin aski na gashin doki da ba a tsabtace ba ne ya ɗora musu cutar antiraks a fuska.

Na daɗe ina jin haushin rezar nan, ina ganin ita ta kashe sana'ar maƙeran Sheffield. Watan jiya na gwada aski irin na ramin yaƙi da kaina: ruwan sanyi kofi ɗaya, madubi kamar tafin hannu, a durƙushe, da asuba kafin gari ya waye sosai. Da tsohuwar Gillette na gama ɓangaren dama cikin minti biyu. Da na buɗe Wade & Butcher na kai ta kumatun hagu, sai na ga bakinta yana rawa a madubi. Na naɗe ta, na shafa mata mai, na mayar da ita cikin kubenta, na ƙarasa da rezar.